Kafin Mu Ƙwace Wayar, Mu San Abin da Ke Cikinta

Wani babban malami da nake ganin girmansa, wanda ya riga ni riƙe alli da shekaru masu yawa, ya yi rubutu kwanan baya yana kokawa da yadda wasu malaman sakandare da ma'aikatan laburare a wannan yanki namu na Kankiya da Kusada suka duƙufa kan nazarin adabin matasa ta intanet. A ganinsa fannin baƙo ne, Turawa suka ƙirƙiro shi don 'ya'yansu, kuma littattafan da ake koyarwa a cikinsa suna ɗauke da tarbiyyar da ba tamu ba. Abin da yaranmu ke karantawa a waya kuwa, in ji shi, shara ce da bai dace malami mai mutunci ya ɗora ido a kanta ba, balle ya kira ta adabi. Shawararsa ita ce a koma wa Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja, a ƙwace wayoyi, malami ya tsaya kan manhaja, kuɗin data kuma ya ƙara a cefane.

Malam, Allah ya ƙara girma. Ba na musun cewa akwai batsa a cikin labaran da ke yawo a waya, batsa tsirara wadda uba ba zai iya karanta layi biyu nata a gaban 'yarsa ba. Ba na kuma musun cewa a jerin littattafan da jami'o'in Amurka da Ingila ke koyarwa akwai waɗanda ba zan taɓa miƙa wa ɗalibina ba. Inda muka rabu shi ne abin da malami zai yi bayan ya san haka. Kai ka ce ya kau da kai. Ni kuwa na ce kau da kan da muka daɗe muna yi shi ya kawo mu inda muke.

Maganar da aka fi maimaitawa a ofishin malamai ita ce yaran yanzu ba sa karatu. Duk wanda ya tsaya kusa da 'yan matan aji biyar lokacin tara, a gindin bedi, ya san ba haka ba ne. Za ka ga guda a tsakiya tana ba da labari, hannu na tashi, sauran sun kewaye ta ko motsi ba sa yi. Ita ce wadda yayarta ke ara mata waya da daddare. Ta karanta shafukan da marubuciya ta saki jiya a guruf ɗin WhatsApp, yau tana sauke wa waɗanda ba su da waya. Ta riƙe sunan kowa a labarin, ta san wa ya ci amanar wa, ta san inda aka tsaya. Wannan yarinyar ita ce za ka tsayar a aji ta karanta sakin layi ɗaya na littafin manhaja tana in'ina, ka rubuta a rahotonta cewa ba ta da ƙoƙari. Labarin da ke hannunta ya fi Shaihu Umar tsawo nesa ba kusa ba, kuma ba shi ne na farko da ta gama a wannan zango ba. Wasu na karantawa a Wattpad ko ArewaBooks, wasu ana tura musu ta Xender a wurin caji, iyayensu mata kuma suna sauraron wanda aka karanta aka ɗora a YouTube suna tankaɗe. Karatu dai ana yin sa sosai. Malami ne kawai ba ya wurin.

To, mu koma kan littattafan da Malam ya ce a koma musu, don ni ma da su na tashi kuma ba na haɗa su da komai. Wa ya rubuta Ruwan Bagaja? Abubakar Imam, wanda aka haifa a 1911. Lokacin gasar da Rupert East ya shirya a 1933, Imam yana da shekara 22, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Saurayin malami ne, tsaran waɗannan da Malam ke yi wa faɗa a yau. Yayansa Malam Bello Kagara, mai Ganɗoki, shi ma malami ne a Katsina. Da aka kira Imam Zariya a 1936 don ya rubuta littafin karatu na 'yan makaranta, wato Magana Jari Ce, ba a ce masa ya rufe ido daga abin da wasu al'ummai suka rubuta ba. Littattafai aka tara masa na Larabawa da na Indiya da na Turai, ya zauna ya karance su. Akun da ke riƙe ɗan sarki da labari daga adabin Indiya ya samo asali. Wasu labaran daga Alfu Laila suke, wasu daga tatsuniyoyin Jamusawa da 'yan'uwan nan Grimm suka tattara. Farfesa Ibrahim Malumfashi ya bi diddigin wannan aro, kowa na iya dubawa. Imam ya karanta na wasu, ya zubar da abin da bai dace da mu ba, ya ɗauki dabara, ya sa mata rigar gida har ta zama tamu ta yadda yau ake kafa hujja da ita a kan baƙon abu. Da a 1936 an ba shi shawarar da Malam ke ba mu yanzu, da babu Magana Jari Ce da za a ce mu koma mata.

Bayan haka ma Katsina ba ta daina ba. Sulaiman Ibrahim Katsina ya fitar da Mallakin Zuciyata a 1980, labarin soyayya ne, tare da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, kamfanin NNPC na Zariya ya buga su. A 1982 aka samu Turmin Danya nasa, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, da Zaɓi Naka na Munir Muhammad Katsina. Waɗanda suka yi sakandare a wancan zamani kuma sun san yadda ake layin aron littattafan Pacesetters na Macmillan, da suka fara fitowa a 1977, cikinsu har da The Undesirable Element na Mohammed Sule, Bakano, wanda ya rubuta shi yana saurayi. Wato adabin matasa ya daɗe a gidanmu. Sunan fannin da tsarin nazarinsa ne suka zo daga waje.

Shawarar ƙwacewa kuwa an gwada ta, kuma muna da sakamakonta a hannu. Da littattafan soyayya suka cika kasuwa daga tsakiyar shekarun 1980, irin su Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Funtuwa, an yi ta cewa su ne suka lalata 'yan mata. Masana sun yi zazzafar muhawara a jaridu a shekarun 1990. Ibrahim Malumfashi, wanda ya raɗa musu suna Adabin Kasuwar Kano, yana suka, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suna karewa. Abin da ya ba wannan muhawara daraja shi ne ɓangarorin biyu sun karanta littattafan kafin su yi magana. Daga baya aka bar muhawara aka koma ƙarfi. A 2007 an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata a Kano, aka kuma matsa wa marubuta da rajista da tacewa. Yara ba su daina karatu ba. Cikin 'yan shekaru waya ta yi arha, labarin ya tashi daga takarda ya koma cikinta.

Ina so Malam ya dubi abin da muka rasa a wannan ƙaura. Littafin kasuwa yana da bango, yana da sunan marubuci, sau da yawa har da adireshinsa da hotonsa. Marubuciya ta san mahaifinta ko surukinta na iya cin karo da shi a teburin mai littattafai, don haka akwai iyakar da kunya ba ta bari ta tsallake. Uwa tana iya ɗaga filo ta gan shi. Na waya ba shi da bango. Mai rubuta shi na iya ɓoyewa bayan laƙabi, tana karɓar 'yan ɗaruruwan naira ta asusun banki kafin ta sa mutum a guruf, kuma ta san irin shafin da ke sa a biya da sauri. In ka ƙwace waya ɗaya ranar Litinin, labarin yana cikin wayar maƙwabta, yana cikin memori, yana kan yarinyar da ta haddace shi. Abin da ka cim ma kawai shi ne ka tabbatar mata cewa karatun da take so laifi ne, kuma kai ba mutumin da za a yi wannan magana da shi ba ne.

Yanzu ga fannin kansa, tunda Malam ya kwatanta shi kamar wata ƙofa ce ta shigo da al'adun banza. A Amurka ma'aikatan laburare ne suka fara ware shi, saboda sun lura akwai masu karatu da suka wuce littafin yara amma ba su kai na manya ba, 'yan shekara 12 zuwa 18. Ƙungiyar laburarorinsu ta buɗe sashe na musamman don su a 1957. Bayan shekara goma aka buga The Outsiders, wanda S. E. Hinton ta fara rubutawa tana 'yar sakandare, aka ga yadda matasa suka rungume shi saboda ya yi maganar rayuwarsu ba tare da wa'azi ba. Abin da ake koya a kwasa-kwasan nan, in ka cire jerin littattafansu ka ajiye gefe, sana'a ce. Ana koyon yadda za ka auna littafi ka san shekarun da ya dace da su, da yadda za ka gane yaron da bai iya karatu ba daga wanda ya iya amma bai sami abin da ya ja shi ba, da yadda za ka tattauna labari mai nauyi da aji ba tare da ka koma mai tuhuma ba. Stephen Krashen ya tattara bincike a littafinsa na 1993 da ke nuna cewa karatun da yaro ya zaɓa da kansa don jin daɗi yana ƙara masa kalmomi da iya rubutu da saurin fahimta. Rudine Sims Bishop ta yi bayani a 1990 cewa yaro na buƙatar littafin da zai ga kansa a ciki da kuma wanda zai leƙa rayuwar wasu ta cikinsa. Tun 1931 ma Ranganathan, ɗan Indiya, ya kafa ƙa'idar cewa aikin mai laburare shi ne haɗa kowane mai karatu da littafin da ya dace da shi. Ban ga abin da ya saɓa wa addini ko al'ada a cikin waɗannan ba. Malamin zaure ma ba ya ɗora wa almajiri Muhtasar kafin ya sauke Ahalari da Ishmawi.

Akwai wata ƙaramar dabara da na koya ta wannan hanya. Ka shigo aji da littafi, ba na jarrabawa ba, ka ba da ɗan bayaninsa, ka karanta shafi biyu ko uku da murya mai rai, ka tsaya daidai inda rai ya rataya, ka rufe, ka ajiye shi kan tebur ka ci gaba da darasinka. Na yi haka da Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat, labarin Abu da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, daga baya ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Kafin a tashi an zo aron littafin. Ya zaga aji har bangonsa ya rabu, muka ɗinke shi da zare. A Kankiya, garin da ke da makarantar koyon aikin lafiya, inda 'yan mata ke ganin yayyensu cikin farin kaya kullum, wannan labari ba ya buƙatar dogon sharhi. Samarin kuma Turmin Danya ya kama su, don maganar fasa-ƙwauri da cin hanci ba baƙuwa ba ce ga wanda ya tashi a kan titin da ya haɗa Kano da Katsina ya wuce Jibiya.

Amma babban amfanin nazarin yana wajen labaran wayar nan da Malam ya ce kar a taɓa. Wanda ya daure ya karanta su zai ga batsar ma ba ita kaɗai ce matsala ba, kuma wataƙila ba ita ce mafi zurfi ba. Akwai wani zubi da ke ta dawowa. Yarinya talaka, namiji mai kuɗi mai girman kai, ya wulaƙanta ta, wani lokaci har ya keta mata haddi, sannan a ƙarshe ya zama mijin da ake mafarki, kowa ya manta. Kishiya kullum muguwa ce, uwar miji kullum tana gidan boka, arziki kuma ta hanyar aure kaɗai yake zuwa. Yarinya 'yar shekara 15 da ta karanta irin wannan sau da yawa tana gina tunaninta na aure a kansa, ba ta kuma da babban da za ta tambaya. Malamin da ya san labarin yana iya zama da su ya ce, “To, ku gaya mini, da ƙanwarku aka yi wa abin da aka yi wa wannan yarinya, za ku so ta aure shi?” Na ga aji ya rabu biyu a kan wannan tambaya, yara na kawo hujja daga labarin, wasu daga abin da suka koya a Islamiyya, waɗanda ba su taɓa ɗaga hannu ba suna neman a ba su dama. Wanda bai karanta ba ba shi da wannan tambayar, abin da ke hannunsa bulala ce kawai. Kuma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A cikin marubutan intanet akwai masu alƙalami mai tsabta da suke rubutu kan shaye-shaye, da talla, da rayuwar 'yan gudun hijira, da abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukanmu. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016, ta fito da da yawa daga cikinsu. Ta yaya za mu nuna wa yaro mai kyau in mun rantse ba za mu buɗe ko ɗaya ba?

Saura maganar me ya sa sai ta intanet. Dalilin a fili yake. Malamin da ke koyarwa a Rimaye ko Kafin Soli ko Mawashi, mai iyali da gona, ba zai ajiye aiki ya tafi Zariya ko Kano shekara biyu ba, ko Dutsin-ma da ke kusa ba kullum ake samun izinin tafiya ba. Karatu daga nesa kuma ba sabon abu ba ne ga malamai. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna tun 1976 take, dubban malamanmu ta hannunta suka ƙaro ilimi suna bakin aiki, babu wanda ya kira shi ɓata lokaci. Yau Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa tana ajiye littattafan kwasa-kwasanta a intanet kyauta, har da na ilimin laburare. Kundayen digiri na Jami'ar Ahmadu Bello da maƙalun masana kan adabin Hausa na zamani suna nan ga mai nema. Mutum na iya sauke su da datar dare mai rahusa, ya karanta a hankali ko babu sabis. Gaskiya ne akwai kwasa-kwasan da ake biya da dala, akwai kuma masu sayar da satifiket na bogi, amma ba dole sai da satifiket ake sanin abu ba. Mu tuna kuma tun 2015 ɗalibanmu da kwamfuta suke rubuta JAMB, kuma hukumar da kanta tana sa musu ƙagaggen labari na matasa, kamar Sweet Sixteen na Bolaji Abdullahi da The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli da aka fara amfani da shi a 2021. Ko don manhajar da Malam ya ce a tsaya a kanta, malami na buƙatar sanin yadda ake koyar da irin wannan littafi.

Malam ya kuma tambaya, wane laburare ma ake magana a kai? Tambaya ce mai ciwo. Na san makarantar da ɗakin da aka rubuta wa laburare ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru, littattafan da aka kawo gudummawa suna cikin kwalaye a ofis, an kulle su don kar su ɓace, gara na ci daga ƙasa. Wanda aka ce shi ne mai kula da su malamin wani darasi ne da aka ƙara wa aikin a baki. Sai dai wannan hujja ce a kan buƙatar horo. Wanda bai san amfanin littafi a hannun yaro ba shi ke kulle shi a kwali. Wanda ya sani, ko akwatin ƙarfe ɗaya aka ba shi da rajistar aro, zai buɗe laburare a bayan aji. Shirin AGILE da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, wanda Katsina ke cikin jihohinsa na farko, ya gyara azuzuwa da yawa don 'yan mata, amma gini ba ya zaɓar wa yarinya littafi.

Akwai giɓin da ya fi damuna, wanda babu kwas na waje da zai cike mana shi. Ƙananan yara an yi musu ƙoƙari. Shirin RANA ya samar da littattafan koyon karatu da Hausa a firamaren Katsina da Zamfara, African Storybook da StoryWeaver kuma suna da labaran Hausa kyauta. Manya suna da nasu. Amma ɗan shekara 13 da ya gama tatsuniya, bai kuma isa labarin kishiya da ɗakin aure ba, me za a miƙa masa? In uba ya tare ni a kasuwar Kankiya ya ce, “Malam, yarinyar nan ta cika son karatu, wane littafi zan saya mata?” ina so a ce akwai takarda da zan ba shi. Turawa suna da irin wannan jeri, suna sabunta shi duk shekara, kuma daga wurinsu na koyi yadda ake yin sa. Namu mu ne za mu yi.

Don haka ga abin da nake nema. Malaman Hausa da na Ingilishi da masu kula da laburare a shiyyar ilimi ta Kankiya, har da 'yan'uwanmu na Kusada da Ingawa, mu raba aiki. Kowa ya ɗauki littafi ɗaya a zango, na takarda ko na waya, ya karanta shi daga farko har ƙarshe, ya rubuta rabin shafi: me ke ciki, wane aji ya dace da shi, ina ne ke buƙatar babba a kusa, wanne ne sam bai dace ba da dalilinsa. A tara a guruf ɗaya, ƙarshen shekara a buga a raba wa shugabannin makarantu da kwamitin iyaye. A sa malamai mata a gaba, don su 'yan matan suka fi sakin jiki da su, a kuma nemi malamin addini ɗaya ko biyu su duba tare da mu. Ina roƙon Malam ya karɓi ɓangaren littattafan da suka fito daga 1934 zuwa 1982, don babu wanda ya kai shi saninsu a cikinmu, ya ware mana wanda ya dace da ƙaramar sakandare da wanda sai babba. Mu kuma za mu ɗauki na kasuwa da na waya, mu kawo masa rahoton farko kafin hutun ƙarshen zango.